Surukina Mai Harbi da Haske

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, babba da yaro. Yau kwana arba'in ke nan da muka raka surukina, mahaifin mai ɗakina, zuwa makwancinsa a maƙabartar bayan gari, daidai inda kanal ɗin ban ruwa ya karya kwana ya nufi Bunkure. Ni ba marubuci ba ne, malamin gona ne. Tsoro ne ya sa na ɗauki biro, kada nan da 'yan shekaru a tambayi jikokinsa wane ne kakansu, su ce wani tsoho ne mai ido ɗaya da ya taɓa zuwa Turai, magana ta ƙare a nan.

Na sha zaman makoki a ƙasar Kura, amma ban taɓa ganin wanda mutane suke cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce musu ba sai nasa. Mutum zai zo ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya." Sai ya koma gefen tabarma ya zauna, can ka ji ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, "Kai ma ya taɓa yi maka bayanin nan?"

Wani manomin albasa daga Kadawa ya ce sau uku marigayi yana tsare shi a bakin kanal da bayanin, a na ukun har ruwa ya cika masa fangali ya tsallaka gonar maƙwabci bai sani ba. "Kuma wallahi har yau ban gane ba," in ji shi, yana share ido da bakin riga. "Amma da zai dawo ya sake, da na sake tsayawa." A cikin gida kuma, mai ɗakina ta ce mai furar unguwa ce ta sa su dariya suna tsakiyar kuka. Ta ce shekara da shekaru yana sayen furarta, amma bai taɓa bari a dama ba sai ya farfasa dunƙulen a gabanta yana nuna mata wani abu. Mai waldan bakin kasuwa kuwa, ƙato mai ƙirji kamar ƙyauren shago, ko gaisuwar bai iya ba. Zama ya yi ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa suna rawa.

Wani dattijo ya ga hirar tana neman yin yawa, ya dubi Baffa Liman, wan marigayi, wanda ya sallace shi, ko zai tsawatar. Baffa Liman ya ce, "Ku bar su. Da yana nan, da muryarsa ta fi ta kowa."

Baba, haka nake kiransa, bai yi boko mai zurfi ba. Elementare ya gama, ya zauna a kasuwar Kura yana gyaran fitilar gas da agogo, daga baya har da rediyo. Hannunsa ne ya kai shi birni. Wata makaranta ta ɗauke shi kula da ɗakin gwaje-gwaje, daga nan ya koma jami'a, ya koyi hura gilashi da sassaƙa ƙarfe a inji. A can wani Bajamushe mai koyar da kimiyya ya ga aikinsa, da zai koma gida ya nema masa kwas na shekara ɗaya. Shekara uku ya yi. Ya dawo a farkon shekarun tamanin da akwati guda, da wata kwat mai nauyi wadda Inna, surukata, ta mayar abin rufe kwandon 'yan tsaki, da idon hagu da ya daina aiki. Ya ajiye aikin gwamnati, ya karɓi gonarsa a filin noman rani, ya shuka tumatir.

Ba a jima ba na auri 'yarsa, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa gare ta. Kowa ya san yadda ake zama da suruki. In na hango shi a hanya sai in ratse ta cikin alkama. In gaisuwa ta kama, tun daga zaure nake cire takalmi, in tsugunna nesa, idona a ƙasa, in gaishe shi in tashi. Wata takwas muka yi a haka lafiya lau. Wata Juma'a na gama gaisuwa zan miƙe, sai ya ce:

"Malamin gona, an ce kana jin Turanci."

"Kaɗan-kaɗan, Baba."

"Matso."

Na ja jiki kamar taku ɗaya, a tsugunne.

"Idona ɗaya ne, shi ma yanar ido ta fara rufe shi. In ka tsaya can, da katanga nake magana. Hau tabarma."

"Baba, nan ma ya isa."

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya! Fito ki ga surukinki zai sa ni rarrafe in je wajensa!"

Kafin Inna ta ɗaga labule ina kan tabarma.

Ya miƙo mini wasu takardu da aka aiko masa daga Jamus, ya ce in karanta. Na karanta shafi guda cur, gumi yana bin bayana. Ya tambaye ni me na gane. Na ce, "Wallahi Baba ko kalma ɗaya." Ya yi dariya har da tari. "Madalla. Ka fi mini wanda bai gane ba ya ce ya gane. Gyara zama."

Ga abin da na tsinta bayan shekaru ina saurare. In akwai kuskure, nawa ne ba nasa ba.

Ya ce iska da ruwa duk ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Wadda suka fi aiki da ita ita ce ammoniya, iskar nan mai hawa kai da ake yin takin zamani da ita. Ya ce ni da nake raba wa manoma taki, ai 'yar gidanmu ce. In ka matse iskar nan, ka sake ta ta wata 'yar ƙofa siririya kamar tsinin allura zuwa cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinta kaf, nan take sai ta yi sanyi, ƙwayoyin su manne wa juna, biyu, biyar, ashirin. Wannan shi yake kira dunƙule. Abin da ya jawo wa mai fura wahala ke nan.

"To sai mu harbe shi da haske," in ji shi. Hasken sunansa leza. Ba irin na fitila ba ne mai watsuwa ko'ina. An tattara shi wuri ɗaya, launi ɗaya, ana sakinsa cikin lokacin da ƙiftawar ido ma doguwar tafiya ce a kansa. Kowace ƙwaya tana riƙe da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu ɗauke da lantarki, sunansu ilektiron. Shi ma haske ɗigo-ɗigo yake zuwa, kuma ɗigo ɗaya ba ya iya ƙwace ilektiron daga hannun ƙwaya.

"Ka san in motar tumatir ta kafe a laka," in ji shi. "Mutum ɗaya ya tura ya kasa ya tafi, wani ya zo ya tura ya kasa. Ko mutum ɗari suka zo ɗaya bayan ɗaya, mota tana nan. Amma in suka kama lokaci guda fa? To shi ya sa sai haske mai tsananin ƙarfi, yadda ɗigo biyu ko uku za su faɗa wa ƙwaya a tare."

Da ilektiron ya fita, sai dunƙulen ya zama mai caji, ya ɗauki zafi, ya riƙa zubar da 'yan'uwansa ɗaya-ɗaya har ya huce. In kuwa aka ƙwace biyu daga ƙaramin dunƙule, caji biyun sai su ture juna, dunƙulen ya tarwatse. Babba yana iya riƙe su, ƙarami ba ya iyawa.

Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba na ce, "To Baba, ta yaya ake sanin wanne ya fashe, wanne ya tsira?"

Ya buga cinya don murna. Ya ce tun dawowarsa yake jiran wanda zai yi masa wannan tambayar. Ya ce tsere ake sa su a cikin dogon bututu. Lantarki ya tunkuɗa su gaba ɗaya, marar nauyi ya riga isa, mai nauyi ya biyo baya, kamar an sako jakuna daga gona, wani da mangala wani ba komai. A ƙarshen bututun akwai abin da yake jin isowar kowanne, alƙalamin inji ya zana tsauni a kan takarda. In ka ƙirga tsaunukan, ka san su wa suka iso.

Ranar har la'asar ta kusa kuɓuce mana. Aka kawo dambu, ya ce in sa hannu. Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Kunya a zuciya take zama, ba a ciki ba. Ci." Na yi loma uku, ban san ta inda suka bi ba. Mai ɗakina ta yi mako guda tana tsokanata.

Daga ranar na zama mai karanta masa wasiƙu, kuma na san halinsa. In aka kawo masa jita-jita, tambayarsa ɗaya ce, "Wa ya auna?" In masu zafin kai biyu suka haɗa gona, sai ya girgiza kai ya ce, "Caji biyu a ƙaramin dunƙule. Ku saurari ƙara." Har tsofaffin da ba su san mene ne caji ba suka ɗauki maganar. Ba ya iya wuce abin da ya lalace. Ya taɓa zuwa ɗaurin aure ya ƙare a bayan gida yana kwance wa mai gidan injin ban ruwa, da babbar rigarsa. Noma kuwa, Allah Ya jiƙansa, bai iya ba. Tumatirinsa ya fi na kowa kyan jeri, ya fi na kowa ƙarancin 'ya'ya, don lokacin da mutane suke ban ruwa shi yana tsugunne yana auna zurfin fangali da tsinke.

Sau ɗaya na ga ya yi rigima ta gaske, da mai waldan nan. Baba ya kai masa garma gyara, ya tarar yana walda ba gilashi, yana kanne ido kawai.

"Ina gilashinka?"

"Na saba, Baba. In ido ya yi yaji sai in wanke da ruwan sanyi."

Baba ya yi masa faɗa, shi kuma da zafin aiki ya ce, "Tsoho, je ka ji da tumatirinka."

Washegari Baba ya ɗauko kujera 'yar tsugunno ya dasa a ƙofar shagon. Duk wanda ya kawo aiki sai ya tare shi da fara'a ya ce, "Ka zo wurin da ya dace, gwani ne. Amma in kana da sauran aiki kawo da wuri, don nan da shekara biyar ba zai gani ba." Kwana huɗu yana wannan. Ran na biyar mai walda ya iso gidan Baba a fusace, ina nan zaune. Baba bai bar shi ya yi magana ba. Ya ja shi cikin hasken rana ya ce, "Dubi idon nan na hagu. Lafiyayye ne a waje, ko? To in na rufe na dama na dube ka, ina ganin kafaɗunka, kanka babu."

Ranar na fara jin yadda abin ya faru. Ya ce akwai tabarau na musamman da suke sawa in leza tana aiki. Nasa ya yi raɓa, yana son ɗaure wani ɗan kusa, sai ya ɗaga shi. Hasken ya daki sifanar da ke hannunsa ya dawo. "Ba zafi. Wani ɗan ƙas na ji a cikin kaina, sai ja ya cika ko'ina, da ya washe sai baƙin tabo a tsakiya. Shekara talatin ina kiyayewa, na yi sakaci na ƙiftawa ɗaya. Laifina ne, ba na kowa ba. Kai kuwa kullum kake yin naka." Ya shiga ɗaki ya fito da abin rufe fuska na masu walda, sabo fil, wanda ya shiga mota da kansa ya je birni ya nemo. Ƙaton nan ya karɓa da hannu biyu. Tun daga ranar shi yake kai Baba gona a bayan babur ɗinsa.

A shekara ta biyar da dawowarsa wata wasiƙa ta zo daga Bajamushen nan. Ya ce 'yar ƙofar da Baba ya yi musu, wadda iska take fita ta ciki, ta cinye. Sun sayo sababbi, sun sa an ƙera wasu, babu wadda take ba da manyan dunƙule irin tasa. Akwai wata ɗaliba da karatunta ya rataya a kan aikin, ta yi shekara guda tana fama. Yana roƙon Baba ya zo na wata uku, za su aiko da tikiti.

Baba ya yi dariya har hawaye. Ya ce tun a lokacin ya gaya musu, suka zaci wasa yake. Tasu ce ta riƙa toshewa, ran nan ya buɗe akwatinsa ya ɗauko hancin fitilar gas, ɗan tagullar nan mai siririyar ƙofa da kananzir yake fesowa ta ciki, ɗaya daga cikin waɗanda ya tafi da su tun daga kasuwar Kura. Ya wasa allura, ya buɗa bakin a hankali ya yi kamar mazurari, ya ɗaura. Shi ke nan sirrin.

Yana cikin dariyar Inna ta fito, ashe tana ji. Ba ta ko dube ni ba.

"Malam, ka ba su ido ɗaya. Wanda ya rage nawa ne. Ba inda za ka."

Baba ya ce, "Gaskiyarki." Ban taɓa ganin ya sauka da wuri haka ba. Amma maganar ɗalibar ta tsaya masa. Sai ka ji shi yana zaune ya ce, "Shekara guda. Ita ma fa 'yar wani ce."

Daga ƙarshe ya yanke shawara a yi a nan, a aika. Matsala biyu ce. Hancin fitilun da ake sayarwa yanzu ƙarfensu ba shi da kyau, sai na tsohon yayi, kuma guda biyu kaɗai suka rage masa a gwangwani. Sannan idonsa ba zai ga ƙofar ba, balle ya gyara ta. Sai ya tuna Uwata tana ɗinkin hula, tana zura zare a allura tana hira. Mai walda ya wasa allurai yadda Baba ya kwatanta. Kullum da hantsi, in haske ya yi kyau, uba da 'ya su zauna a tsakar gida. Ita tana juya allura, shi yana cewa, "Sau uku, tsaya. Miƙo." Sai ya hura, ya kara a leɓensa na ƙasa ya ji yadda iskar take fita.

Na farko, allura ta karye a ciki rana ta biyu. Na biyu ya kai kwana huɗu. Baba ya hura, ya sake hurawa, ya ajiye ya ce, "Ya tafi. Ƙofar ta yi faɗi." Mai ɗakina ta sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba laifinki. Ni bakwai na ɓata kafin in samu."

Saura guda ɗaya a duk garin, kuma kowa ya san inda yake. Yana jikin fitilar Inna, wadda aka aiko ta da ita kasuwa wajen gyara tana budurwa, Baba ya riƙe fitilar mako uku yana cewa a dawo gobe. Da ita aka kawo ta gidan. Da ya yi mata maganar, ta dube shi ta ce, "Ido, yanzu kuma fitilata?" Kwana uku ba ta yi masa magana ba, abinci ma sai ta hannun 'yarta. Ran na huɗu da safe ta fito ta dire fitilar a gabansa.

"Ba don su ba. Don yarinyar nan ne. Kuma na gaji da ganinka a takure kamar kazar da ruwa ya daka." Ta juya wajen mai ɗakina. "Ke kuma, in kika ɓata wannan, ki nemi wata uwar."

Kwana shida mai ɗakina ta yi a kansa. Ta ce mini ko numfashi ba ta yi in allurar tana ciki. Ran na shida Baba ya hura ya kara a leɓe, ya daɗe. Ya sake. Muna tsaye ni da Inna da mai walda, ba mai motsi. Sai ya ce, "Uwata, hannunki ya fi nawa." Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Muka naɗe shi a auduga, muka sa a kwalin ashana, na rubuta wasiƙa na faɗi wanda ya yi aikin, na kai babban gidan waya a birni.

Aka girbe alkama. Damina ta zo ta wuce. Duk ranar kasuwa sai ya tambaye ni ko an ga wani abu, in ce babu, ya ce, "Wataƙila kifi ne yake gwaji da shi a teku." Yana dariya, amma na san abin yana cinsa, don ya daina tsare mutane a bakin kanal.

Muna cikin dashen tumatir doguwar ambulan ta iso. Na baro gona da laka a ƙafa. Wasiƙar ta ce tun ranar farko da aka ɗaura ya yi aiki. A ciki akwai takardar da alƙalamin inji ya zana, doguwa kamar rawani. Baba ya kai ta dab da idonsa na dama, ya juya ta wajen rana, ya sauke. "Hazo kawai," in ji shi, a hankali.

Mai ɗakina ta matso. Ta karɓi takardar, ta shimfiɗa ta a kan wani farin ƙyalle, ta ɗauko zaren hula mai kauri, ta bi layin nan da ɗinki, hawa da gangara, tun azahar har la'asar sakaliya. Sannan ta kama yatsan mahaifinta ta ɗora a farkon zaren.

"Ɗaya," in ji shi. Yatsan ya gangara ya sake hawa. "Biyu. Uku. Huɗu." A na gaba yatsan ya yi ta hawa, ya yi ta hawa. "Ga shi! Na biyar! Ɗaya a tsakiya, huɗu sun kewaye shi, wannan dunƙulen ba ya son rabuwa. Kullum shi ya fi tsawo!" Ya ci gaba da bi yana ƙirgawa har ya wuce ashirin, tsaunukan suna ƙanƙancewa amma suna nan. Sai kawai ya miƙe, tsoho mai furfura, ya ɗaga hannuwa ya taka rawa a tsakar gida, taku huɗu ko biyar.

Inna ta ce, "Malam! A gaban surukinka?"

"Wanda ya ci dambu da ni? Ai ya gama ganin komai."

A cikin ambulan ɗin akwai bugaggiyar takarda ta aikin, can ƙarshe an yi godiya, da sunan Baba da na 'yarsa. Na karanta musu sau biyu. Inna ta riƙe ƙugu ta ce, "Ni fa? Fitilar wa aka yanka?" Baba ya sa na zauna nan take na rubuta wata wasiƙar, na ba da labarin fitilar tun daga kasuwa. Bayan wata biyu ɗalibar ta aiko da hotonta a gaban tukunyar ƙarfen, a baya ta rubuta da Hausa, da karkataccen rubutu, "Na gode, Inna." Inna ta ce hoton bai yi kyau ba, yarinyar ta rame, ba a ba ta abinci. Yana cikin adakarta har yau.

Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni. Ciwon bai daɗe ba, ƙirji ne. Kwana uku kafin rasuwarsa ya ce a fito da shi inuwar mangwaron tsakar gida, da hantsi. Ina yi masa fifita sai ga Baffa Liman. Shi ya riƙe Baba tun rasuwar mahaifinsu, shi ya fara ɗora masa alƙalami a kan allo. Mutum ne marar yawan magana, kuma a duk garin shi kaɗai ne Baba bai taɓa tsarewa da bayani ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya zauna ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce:

"Wai ni kam, ƙwayoyin nan da ka ishi gari da su, ka taɓa ganinsu da idonka?"

"Ban taɓa ba, Yaya."

"Ko lokacin da idon biyu ne?"

"Ko lokacin. Ba mai ganinsu. Sawunsu kawai muke gani, mu ce lalle wani abu ya wuce ta nan."

Baffa Liman ya tsayar da carbin. "To ai abin da nake koya wa yara ke nan a tauhidi tun kana gyaran fitila. Sai da ka je har Jamus?"

Baba ya yi dariya har sai da na ɗaga shi na ba shi ruwa. "Yaya, ka san ni da son doguwar hanya."

Baffa Liman ya cire rawaninsa ya ajiye a cinya, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "To yi mini bayanin. Daga farko. Ban da sauri."

Baba ya fara, muryar ƙasa-ƙasa, yana hutawa. Suna tsakiya aka kira azahar. Baffa Liman ya miƙe ya ce, "Riƙe inda muka tsaya." Ya je ya ja salla ya dawo ya zauna a wurinsa. Sai da suka kai ƙarshe. Baffa Liman ya ce, "Na gane rabi."

Baba ya lalubo hannun wansa ya riƙe. "Ka fi kowa a garin nan, Yaya."

Ran Alhamis da hantsi ya cika, kansa a cinyar Inna, wansa yana laƙƙana masa kalmar shahada yana amsawa.

Ya Allah, bawanKa ne ya zo maKa, Ka fi mu saninsa. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka mayar masa da ganinsa fiye da yadda yake. Ka ba Inna haƙuri, Ka raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa Fatiha ɗaya ga Baba.